A Sa Maganar Tsabta Cikin Takardar Hayar Rumfa

A watan Oktoba na 2023 Gwamnatin Jihar Ikko ta rufe kasuwar Mile 12 saboda ƙazanta da zubar da shara barkatai. Ko da yake ba a daɗe ba aka buɗe ta, duk mai sayar da tumatir da tattasai ya san kwana biyu sun isa su ruɓar da jarin mutum. Waɗanda suka fi jin jiki a ranar su ne 'yan haya, galibinsu 'yan Arewa.

Wannan al'amari ya isa ishara ga kowane ɗan kasuwa da ke haya a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun. Yawancin hayar rumfa da baki ake ƙulla ta, a gaban dillali, ba a maganar kome sai kuɗi. Ba a yanke wanda zai yashe lambatu ba, ko wanda zai biya masu kwasar shara, ko inda za a ajiye janareta don kada hayaƙinsa ya cuci maƙwabta. Ran da duba-gari ya zo, sai mai rumfa ya ce aikin ɗan haya ne, ɗan haya ya ce na mai rumfa ne, ƙofa kuwa tana garƙame.

Maganin wannan shi ne a rubuta kome tun ranar farko. Gyaran rufi da makewayi da babbar magudanar ruwa haƙƙin mai gini ne, gama dukiyarsa ce. Sharar yau da kullum, da ruɓaɓɓen kaya, da leda, na wanda ke ciniki a wurin ne. Tun da Ikko ta hana amfani da mazubin abinci na soso a Janairun 2024, ya kamata takarda ta faɗi cewa wanda ya karya doka shi zai biya tara.

Akwai kuma maganar wuta. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, masu shaguna da yawa suna sha'awar farantan hasken rana. Amma wa zai kashe kuɗinsa a kan rufin wani, alhali ana iya tashinsa baɗi? Sai a rubuta cewa kayan na ɗan haya ne, zai tafi da abinsa, ko kuwa a rage masa kuɗin haya a bar wa mai gini. Dokar haya ta Ikko ta 2011 ta ba mai hayar shekara wa'adin wata 6 kafin a tashe shi, in ba a yi wata yarjejeniya dabam ba. Wanda ya zuba jari a gyara ya cancanci ya nemi fiye da haka.

Wasu za su ce takarda alamar rashin yarda ce, kuma mai rumfa zai fake da ita ya ƙara haya. Amma kuɗin rubutu bai kai hasarar mota guda ta tumatir ba, shi ma mai gini ribarsa ce rumfarsa ta zauna a buɗe.

Saboda haka lalle ne Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su nemi lauya ya tsara takarda guda, da Hausa da Yarbanci da Turanci, wadda kowa zai riƙa amfani da ita. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.