Auren baƙar fata da farar fata a Amurka: doka ta janye hannunta, gardama ta rage

Cikin watan Yuli na shekarar 1958, da tsakar dare, ƴan sanda suka kutsa cikin wani gida a ƙauyen Central Point, cikin jahar Birjiniya ta ƙasar Amurka. Suka tarar da miji da mata suna barci. Mijin, Richard Loving, magini ne, farar fata. Matar, Mildred, baƙar fata ce, tana kuma da jinin mutanen asali na ƙasar. Takardar aurensu tana rataye a bango, don an ɗaura auren makonni kaɗan kafin nan a birnin Washinton. Shugaban ƴan sandan ya ce takardar ba ta da daraja a Birjiniya, aka tasa su zuwa gidan kaso.

Ranar 6 ga watan Janairu na 1959 alƙali ya yanke musu ɗaurin shekara guda. Ya ce za a ɗage hukuncin in sun yarda su bar jahar, kada su komo tare har shekara 25. Suka bar dangi da gonaki, suka koma Washinton. A shekarar 1963 Mildred ta rubuta wasiƙa zuwa ga ministan shari'a, Robert Kennedy, shi kuma ya tura ta wurin wata ƙungiyar lauyoyi masu kare haƙƙin ɗan ƙasa. Shari'a ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli. Ranar 12 ga watan Yuni na 1967 alƙalai tara na kotun, baki ɗaya, suka soke dokar Birjiniya. Da wannan hukunci dokokin hana irin wannan aure suka faɗi a jahohi 16.

Tun daga ranar gwamnati ta fita daga wannan magana. Amma a cikin al'ummar baƙar fata ta Amurka maganar ba ta mutu ba. Duk lokacin da wani sanannen baƙar fata, ɗan siyasa ko ɗan wasa ko mawaƙi, ya fito fili da farar mace, sai ka-ce-na-ce ya tashi a gidaje, a shagunan aski, a jaridu da dandalin intanet. Wasu su ce ya ci amanar danginsa, wasu su ce ba ruwan kowa. Kukan na farko yana da tushe, ya kamata a saurare shi da kunnen basira. Duk da haka launin matar mutum ba ya isa ya zama ma'aunin amanarsa ga jama'arsa.

Asalin ciwon

Ruwa ba ya tsami banza. A shekarar 1662, zamanin da Ingila ke mulkin Birjiniya, aka kafa doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa. In uwa baiwa ce, ɗanta bawa ne, ko da uban shi ne mai gidan da ya mallake ta. A shekarar 1691 aka ƙara wata doka mai hana aure tsakanin farar fata da baƙar fata. Mai karatu ya haɗa dokokin nan biyu ya duba. Masu bayi sun ci gaba da haihuwa da bayinsu mata, yawanci da ƙarfi, ba wanda ya kama su. Abin da aka hana shi ne aure, domin aure ne ke ba ɗa suna da gado da ƴanci. Dokar ta tsare dukiya a hannun masu ita, ta bar baƙar mace ba mai kare mutuncinta.

An soke bauta a 1865, amma aka ɗauko wata sanda. A kudancin ƙasar, zargin cewa baƙin namiji ya ɗaga ido ya dubi farar mace ya isa a kashe shi ba tare da shari'a ba. A watan Agusta na 1955 wani yaro ɗan shekara 14, Emmett Till, ya zo daga Shikago ziyarar dangi a jahar Misisipi. Aka zarge shi da yi wa wata farar mace fito a kanti. Aka ɗauke shi da dare, aka azabtar da shi, aka jefa gawarsa cikin kogi. Masu yanke hukunci, dukansu farar fata, suka sallami mutum biyun da aka gurfanar. Daga baya su biyun suka amsa laifin a wata mujalla, ba abin da ya same su.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Uwar da ta tashi da labarin Emmett Till, in ɗanta ya kawo mata farar budurwa gida, tsoro ne zai fara shiga zuciyarta tun kafin murna. Wannan tsoro ba wariya ba ne irin ta alƙalin Birjiniya. Alƙalin yana da kaso da ƴan sanda a bayansa, ita kuwa tarihin danginta kaɗai take riƙe da shi.

Kukan mata

A yau ra'ayin jama'ar Amurka ya sake ƙwarai. Cibiyar Gallup ta tambayi mutane a 1958, kashi 4 cikin 100 kaɗai suka yarda da auren baƙar fata da farar fata. Da ta sake tambaya a 2021, masu yarda sun kai kashi 94 cikin 100. Cibiyar Pew kuma ta ƙirga cewa a 1967 kashi 3 cikin 100 na sababbin ma'aurata ne suka auri wanda ba jinsinsu ba, a 2015 kuwa adadin ya kai kashi 17.

Cikin wannan ƙidaya ta 2015 akwai abin da ke ci wa mata tuwo a ƙwarya. Daga cikin maza baƙar fata da suka yi sabon aure, kashi 24 cikin 100 sun auri wata daga wani jinsi. Daga cikin mata baƙar fata, kashi 12 ne kawai. In aka dubi waɗanda suka gama jami'a, ratar ta fi faɗi: maza kashi 30, mata kashi 13. Ma'ana, namijin da ya yi karatu ya samu aiki mai kyau ya fi saurin neman aure a waje.

A ƙara da wasu abubuwa biyu. Baƙar fata wajen kashi 13 cikin 100 ne na mutanen Amurka, amma kusan ɗaya cikin uku na fursunonin ƙasar daga cikinsu suke, mafi yawansu maza masu shekarun aure. Sa'an nan kusan biyu cikin uku na takardun digiri da ɗaliban baƙar fata ke samu, mata ne ke samun su. Yarinya ta yi karatu, ta samu aiki, ta waiwaya neman miji sa'anta cikin jama'arta, sai ta tarar sun yi ƙaranci. Neman aure ta hanyar intanet bai kawo mata sauƙi ba. A 2014 kamfanin OkCupid, mai haɗa samari da ƴan mata, ya bayyana ƙididdigarsa, ta nuna cewa cikin mata duka, baƙar fata ne maza suka fi ba ƙaramin maki.

Saboda haka in baƙar mace ta ga sanannen mutum ya yi arziki ya ɗauko farar mace, abin da take ji ya wuce kishi. Tana tuna cewa shekaru ɗaruruwa ana gaya mata fatarta da gashinta da hancinta ba su kai ba. Tana tambaya ko shi ma ya yarda da wannan ƙarya, har ya ɗauki farar mace tamkar lambar girma da ake maƙalawa a ƙirji. Tambayar tana kan hanya, kuma akwai mazan da ta dace da su: waɗanda ke fitowa fili suna kushe mata baƙar fata don su wanke zaɓinsu. Irin wannan mutum ya zagi uwar da ta haife shi, ya cancanci a faɗa masa gaskiya.

Ma'aunin shugaba

Kuskure yana shigowa ne sa'ad da aka mai da launin matar mutum shaidar halinsa. Tarihin baƙar fatar Amurka da kansa ya ƙaryata wannan. Frederick Douglass an haife shi bawa, ya gudu a 1838, ya zama babban mai yaƙi da bauta a zamaninsa. Matarsa ta fari, Anna, baƙar fata ce, ta rasu a 1882 bayan zaman aure na shekara 44. A 1884 ya auri Helen Pitts, farar fata. Dangin amarya suka juya mata baya, jaridun baƙar fata da dama suka ce ya watsar da mutanensa. An ruwaito ya amsa cewa matarsa ta fari launin uwarsa gare ta, ta biyu kuma launin ubansa. Bai ajiye gwagwarmaya ba: ya ci gaba da magana da rubutu kan kisan gilla da ƴancin jefa ƙuri'a har rasuwarsa a 1895.

Ga misali na kusa. A Kotun Ƙoli ta Amurka an naɗa Clarence Thomas a 1991, aka naɗa Ketanji Brown Jackson a 2022. Dukansu baƙar fata ne, matarsa farar fata ce, mijinta farar fata ne. A 2023 kotun ta yi hukunci kan tsarin da ke ba jami'o'i damar duba launin ɗalibi don buɗe wa baƙar fata ƙofa. Thomas ya goyi bayan soke tsarin, Jackson ta rubuta adawa mai zafi. Da launin abokin aure yana nuna inda mutum zai tsaya, da sun tsaya wuri ɗaya. Abin da ya raba su shi ne tunaninsu, kuma a kan tunanin da aikin ne jama'a ke da ikon yi musu hisabi.

Afirka ma ta ga irin wannan shari'a, kuma talakawa ne suka yanke ta daidai. A 1948 Seretse Khama, magajin sarautar Bamangwato a ƙasar da ake kira Botsuwana a yau, ya auri wata Baturiya, Ruth Williams, a birnin Landan. Baffansa ya ƙi. Aka tara jama'a a garin Serowe, aka yi ta muhawara, a 1949 taron ya karɓe shi da matarsa. A shekarar nan ce Afirka ta Kudu, maƙwabciyarsu, ta kafa dokar hana auren jinsi biyu, ta kuma matsa wa Ingila. Ingila ta hana shi sarauta, ta tsare shi a waje har 1956. Da ƙasar ta samu mulkin kai a 1966, shi jama'a suka zaɓa shugaba, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1980, ya bar ta da zaman lafiya da mulkin ƙuri'a. Mutanen Serowe sun dubi mutumin da abin da zai iya yi musu. Masu mulkin wariya ne suka tsaya kan fatar matarsa.

Inda gyara yake

Hujjar alƙalin da ya kori iyalin Loving ita ce Allah ya ajiye kowane jinsi a nahiyarsa, don haka bai nufa su gauraya ba. Baƙar fatar da ya ce kowa ya tsaya cikin nasa, ko da ciwo ne ya sa shi faɗa, ya ari bakin wannan alƙali. Katangar da aka sha wuya kafin a rushe ta ba ta zama alheri don wani hannu ne ya sake gina ta. Kuma ba ta daɗe da faɗuwa ba. Jahar Alabama ba ta share hanin daga kundin tsarin mulkinta ba sai a shekarar 2000, ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na masu jefa ƙuri'a sun so a bar shi. A watan Disamba na 2022 sai da majalisar ƙasa ta ga bukatar kafa dokar da ta wajabta wa kowace jaha amincewa da irin wannan aure.

Kukan mata yana da magani, amma maganin yana wajen da ciwon ya fito. Yana cikin makarantun unguwannin talakawa da ke sakin yara maza tun ba su gama ba. Yana cikin shari'ar da ke cika gidajen kaso da samari kan ƙananan laifuffuka, da ƙofar aiki da ake rufe wa wanda ya taɓa shiga kaso. Yana cikin sinima da talla da suka daɗe suna nuna cewa kyau fari ne. Shugaban da ya yi aiki kan waɗannan ya taimaki gidajen baƙar fata, ko wace ce matarsa. Wanda ya yi biris da su ya cuce su, ko da matarsa ta fi kowa baƙi.

Wannan gefe na maganar bai tsaya Amurka ba. A ƙasar Hausa ana yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata, kuma a kasuwannin Maradi da Damagaram da Yamai ana sayar da man sauya launin fata, mai ƙona jiki da jawo cuta. Yarinyar da ke shafa shi ta ji daga bakin samari irin matar da ake so. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba: iyaye da malaman makaranta da samari su ne za su koya wa yarinya cewa fatar da aka haife ta da ita ba aibi ba ce.

Richard da Mildred Loving ba ƴan siyasa ba ne, ba su ma halarci zaman Kotun Ƙoli ba. Bayan hukuncin suka zauna a ƙauyensu na Central Point, Richard ya gina musu gida da hannunsa, suka rena ƴaƴansu uku kusa da dangi. Ya rasu a haɗarin mota a 1975, ita kuma ta rasu a 2008 ba ta sake aure ba. Abin da suka nema tun farko ke nan: a bar su su zauna a garinsu a matsayin miji da mata. Haƙƙin da suka ƙwato na kowa ne, na talaka da na shugaba, kuma jama'ar da ta fi kowa sanin zafin hana shi ita ta fi cancanta ta tsare shi.