Ko An Zuba Mata Citta Da Zuma, Sunanta Giya

  

Wani aminina ya ɗora mini amanar in riƙa leƙa ɗansa da ke karatu a wani gari na arewacin Ingila. A tsakiyar watan Disamba na je, a irin kwanakin nan da magariba ke yi tun kafin ƙarfe 4 na yamma, sanyi kuwa yana ratsa ƙashi. Ina shiga kicin ɗin gidan da yake haya tare da abokansa sai ƙamshin citta da kanumfari ya tare ni, har na ce a raina yaron nan bai manta da gida ba. Amma a ƙarƙashin ƙamshin akwai wani tsami da hancina ya ƙi yarda da shi. Da na duba lungu sai ga wani farin bokiti babba a rufe, da ɗan bututu a saman murfinsa yana fitar da kumfa ɗaya bayan ɗaya, ga kuma kwalabe an wanke an jera.

Na ce, "Yaro, mene ne wannan?"

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, abin sha ne na hutun ƙarshen shekara, mu muka haɗa da kanmu. Sha'ir ne da zuma da kirfa da ɓawon lemo. Ba irin ta kanti ba ce."

Wallahi da ya ɓoye mini, da hankalina bai tashi kamar yadda ya tashi ba. Mai ɓoye laifi ya san laifi ne. Shi kuwa wannan yaro, wanda ya sauke Alƙur'ani kafin ya bar gida, yana nuna mini bokitin nan da alfaharin wanda ya koyi sana'a. Daga baya na gane ba shi kaɗai ba ne a cikin 'ya'yanmu da ke ƙasashen sanyi, kuma hujjojinsu kusan iri ɗaya ne. Shi ya sa na ga ya kamata in yi magana.

Bari mu fara da sanin abin da ke cikin bokitin. Ana jiƙa sha'ir har ya tsiro, a busar da shi, a nika, a dama da ruwan zafi domin zaƙinsa ya fito, kamar dai yadda masu burukutu ke yi da dawa. Sai a tafasa ruwan tare da furen wani tsiro mai ɗaci, a zuba kayan ƙamshi, a bari ya huce, sannan a saka yisti. Aikin yisti shi ne ya cinye sukarin nan ya mayar da shi abu biyu: iskar da na gani tana fita ta bututu, da kuma sinadarin da ke sa maye. Bayan mako ɗaya ko biyu a ɗura a kwalba. Zumar da yaron ke taƙama da ita abinci ce ga yisti, ƙara ta ƙara ƙarfin maye ne. Don haka ne giyar lokacin sanyi ta kan fi giyar yau da kullum ƙarfi, sau da yawa ta kai kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Abin ban mamaki, a cikin kayan da suka saya har da wani ɗan gilashi da ake tsomawa a farko da ƙarshe domin a lissafa yawan sinadarin mayen da ya samu. Mutum yana auna maye da hannunsa, yana rubutawa a takarda, sannan ya dube ka ya ce ba giya ba ce!

Mutanen da suka gaji wannan al'ada ba su taɓa kiranta da wani suna ba. Marubuta tarihin Norway sun ambaci cewa sarkinsu Hakon, a ƙarni na 10, ya wajabta wa kowane magidanci ya dafa giyar bikin tsakiyar hunturu, wanda ya ƙi a ci shi tara. A Ingila, a 1963 ministan kuɗi Reginald Maudling ya soke lasisin da ake nema kafin mutum ya dafa giya a gidansa, a Amurka kuma shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta halatta hakan a 1978. Dokar giya ce aka sassauta, ba dokar shayi ba. Ni ba ni da rigima da su. Ƙasarsu ce, al'adarsu ce, kuma maƙwabtana da ke yin wannan mutane ne masu mutunci waɗanda ba su taɓa tilasta mini ko kurɓi ɗaya ba. Rigimata da namu ce, masu son su ci tuwon biyu, su sha abin da ake sha su kuma riƙe sunan ba su sha ba.

Hujjar farko da yaron ya kawo ita ce sanyi. Ya ce, "Baba, ka ga yadda garin nan yake, ɗan kaɗan ne don jiki ya yi ɗumi." Subhanallah. Kamar ya karanta tambayar da aka yi shekaru fiye da 1400 da suka wuce. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani sahabi mutumin Yaman, Dailamul Himyari, ya gaya wa Manzon Allah (SAW) cewa ƙasarsu akwai sanyi, suna aiki mai wahala, kuma suna yin wani abin sha da alkama domin su samu ƙarfin aiki su kuma jure sanyin garinsu. Duba fa: sanyi, aiki, hatsi, haɗin gida, babu abin da ya rage daga cikin uzurin yaron nan. Annabi (SAW) bai tambaye shi tsananin sanyin ba, bai tambaye shi da me ake haɗawa ba, bai tambaye shi ko sayowa suke yi ba. Tambaya ɗaya ya yi masa, ko abin yana sa maye. Da ya amsa da e, sai ya umarce su da su nisance shi. Duk wanda ya san wannan ruwaya ba shi da sauran abin da zai faɗa da sunan hunturu. Kuma likitoci sun tabbatar da cewa ɗumin ma yaudara ne: giya tana buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, sai mutum ya ji zafi a fuska alhali zafin cikin jikinsa fita yake yi. Shi ya sa mashayin da ya kwanta a waje cikin daren sanyi ya fi kowa shiga haɗari.

Sai ya koma cewa ai abin da Alƙur'ani ya hana a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida giyar inabi ce, wannan kuwa hatsi ne da zuma. Wannan ma an riga shi. Abu Musal Ash'ari ya yi tambaya a kan abin sha biyu na Yaman, ɗaya na zuma ɗaya na sha'ir, aka ba shi amsa da ƙa'idar da ta haɗe duk wani mai sa maye a cikin haramci. Sayyidina Umar (RA) kuma ya hau mumbari ya lissafa abubuwa biyar da ake yin giya da su lokacin da haramcin ya sauka: inabi, dabino, zuma, alkama da sha'ir. Biyu daga cikin biyar ɗin suna cikin bokitin.

A nan ne ya fito da abin da ya tsinta a intanet, wai ai Imam Abu Hanifa ya sassauta a kan abin da ba na inabi da dabino ba. Gaskiya ne an ruwaito masa wannan, kuma ba zan ɓoye ilimi don in ci gardama ba. Amma wanda ya ba ka rabin magana ya cuce ka. Sassaucin yana da sharaɗin kada a kai ga maye, kuma kada a sha don shagali da nishaɗi. To giyar biki don me ake yin ta? Sannan almajirinsa Muhammad bin Hasan Asshaibani ya haramta kaɗan ɗinta da mai yawanta, kuma a kan maganarsa malaman mazhabar na baya suka tsayar da fatawa. Mu da muka tashi a kan mazhabar Imam Malik ba mu ma san wannan ƙofa ba. Mutum bai taɓa buɗe littafin Hanafiyya don ya koyi alwala ba, sai ranar da yake neman kofi ya cika.

Akwai masu cewa idan aka ɗumama ta a tukunya da kayan ƙamshi mayen yana ƙonewa. Ma'aikatar noma ta Amurka ta fitar da ƙididdiga a kan haka: bayan minti 15 a kan wuta kusan kashi 40 cikin ɗari na sinadarin yana nan, bayan awa ɗaya kusan kashi 25. Masu ɗumamawar ma ba sa bari ta tafasa, don kada abin da suke so ya gudu.

Maganar da ta fi yi mini ciwo ita ce ta farko, cewa "mu muka haɗa da kanmu", kamar dai wannan yana rage nauyi. Ƙara shi yake yi. A hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito an ambaci mutum goma da la'ana ta hau kansu saboda giya, kuma mai matse ta shi aka fara ambata, kafin a zo kan mai sha. Wanda ya saya a kanti ya shiga ƙofa ɗaya. Wanda ya dafa, ya ɗura, ya ɗauka ya kai, ya zuba wa baƙi, ya kuma sha, sai ya ƙirga da kansa ƙofa nawa ya shiga.

Ya ce to kunun zaƙi fa, da zoɓo, da burodi da ake sa wa yisti? Tambaya ce mai kyau, kuma shari'a ba ta bar ta ba. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha ruwan har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya rage bayan nan ba ya shan sa. Jiƙo halal ne matuƙar bai juya ba. Abin da za ka cika ciki da shi hankalinka bai motsa ba, ba shi ake magana ba. Iyayenmu mata sun san wannan iyaka ba tare da gilashin awo ba: kunun da ya kwana biyu a zafi ya fara kumfa yana cizon harshe, zubar da shi suke yi. Su suna gudun wannan mataki, mai bokiti kuwa shi yake jira, har yana rufa masa bargo don kada sanyi ya hana yisti aiki.

Mun yi sallar isha'i tare a ɗakinsa. Bayan mun idar na nemi tukunya, na tafasa ruwa da cittar nan tasu da kanumfari da kirfa, na jefa ganyen shayi, na zuba zuma, muka sha har zufa ta karyo mana. Na ba shi labarin ranar da mai shela ya yi kira a Madina, Anas yana cikin shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha, aka ce masa ya fita ya zubar, ta yi ta malala a lunguna. Ya yi shiru. Can sai ya ce bokitin ba nasa ba ne shi kaɗai, su huɗu suka haɗa kuɗi, ukun kuma ba Musulmi ba ne. Na ce ban ce ka zubar da dukiyar wani ba, amma ka cire hannunka, kada ka ɗura, kada ka ɗauka, kada kuma ka karɓi kuɗin kasonka. Ya ce zai yi.

Mahaifinsa ya kira ni bayan kwana biyu yana tambayar yadda na same shi. Na ce lafiya lau, sanyi ne dai ya yi musu yawa. Har yanzu ban gaya masa maganar bokitin ba, na ba yaron zuwa ƙarshen Janairu ya gaya masa da bakinsa.