Zane ba zaman banza ba ne

Jama'a, don Allah a daina cewa 'yan sashen zane wasa suka zo yi makaranta. Duk wanda ya leƙa ɗakin aikinsu ana saura makonni a yi baje koli, zai ja bakinsa ya yi shiru. Mai zane shi zai haɗa katako, ya ɗame ƙyalle, ya shafa farin fenti, kafin ma ya fara zanen. Fentin mai kuwa ba a yi masa gaggawa, shafi ɗaya sai ya yi kwanaki bai bushe ba. Kuɗin kaya daga aljihunsa, ranar buɗewa kuma ba ta ɗaguwa.

Sana'ar nan tana da daraja. Marigayi Yusuf Grillo a Zariya ya yi karatu, ya shugabanci sashen zane a kwalejin fasaha ta Yaba, makaranta irin tamu. A 2018 an sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu fam miliyan 1.2 a Landan.

Kafin in kammala bana, roƙona biyu ne. Ƙungiyar ɗalibai ta ba su zaure kyauta. Mu kuma mu je kallo, in za mu saya, ban da tayin wulaƙanci, domin gumin watanni ne.