Yabon Gwani Ba Ya Cika Rumbu: Masu Zane da Masu Aikin Hannu a Ƙasar Watari

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Bichi ko ta Badume ko ta Bagwai ya san irin cinikin da ake yi a gefen da masu faifai da tabarmi da ƙore suke shimfiɗa kayansu. Ma'aikaci zai tsaya, ya ɗauki faifai ya jujjuya shi, ya dubi yadda aka jera ja da kore da baƙi ba tare da zare ɗaya ya kauce ba, ya ce, "Kai, Baba, wannan aiki ya yi kyau, Allah ya yi wa hannun nan albarka." Daga nan sai ya taya da rabin abin da aka faɗa masa. Tsohuwa ta ce, "Albarka." Ya ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ta sake cewa albarka. Sai ya ajiye, ya matsa gaba kaɗan, ya sayi murfin roba da kuɗin da aka yanka masa, ko tayi bai yi ba.

Masu iya magana sun ce yabon gwani ya zama dole, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai an daɗe ana biyan gwanayen ƙasar Hausa da yabo tsagwaronsa, ana hana su abubuwa biyu da suka fi yabon amfani a gare su, wato kuɗin da ya yi daidai da wahalarsu da kuma ambaton sunansu a kan aikinsu. Malamin makaranta yana da hannu a cikin wannan tauyewa, yana kuma da ikon rage ta fiye da yadda yake zato.

Kafin a kai ga malami, ya kamata a fahimci dalilin da ya sa lamarin ya fi tsanani a wuri irin Watari. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, gona tana manne da gona, gado kuma yana ƙara yanyanka ta duk lokacin da aka raba. Manazarta irin su Michael Mortimore da Polly Hill, waɗanda suka yi bincike a karkarar Kano a shekarun 1960 da 1970, sun nuna cewa noma shi kaɗai bai taɓa riƙe gidajen wannan yanki ba. Sana'ar rani da fatauci da cinikin da mata ke yi daga cikin gida su ne suke cike giɓin. Da an kai amfanin gona rumbu, sai masaƙi ya koma kan masaƙarsa, baduku ya ɗauko fatunsa, mai ɗinkin hula ya nemi inuwa. Lokacin rani ba shi da wani farashi a wancan zamani, domin babu abin da ke gasa da shi.

Madatsar ruwa ta Watari, wadda aka gina a Bagwai a ƙarshen shekarun 1970, ta sauya wannan lissafi. Yanzu rani lokacin tumatir ne da albasa da masara da shinkafa, kuma saurayin da ba shi da fili yana iya yin ƙwadago a karɓi wuninsa a ba shi kuɗinsa kafin magariba. Wannan alheri ne, babu mai musu. Amma ma'anarsa ita ce kowace sa'a da yaro zai zauna gaban mahaifinsa yana koyon zanen ƙwarya ko rufin sirdi, sa'a ce da ya san abin da ya rasa a cikinta. Idan sana'ar ba ta biya ba, ba zai zauna ba, kuma babu adalci a zarge shi da raina gado. Sana'ar hannu kuwa ba a littafi take ba. Da zarar tsara guda ta tsallake ta, shi ke nan an yi asararta.

Batun suna ya fi na kuɗi daɗewa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Mafi yawan masaƙan nan mutanen ƙauye ne, kuma babu wanda ya adana sunan ko ɗaya daga cikinsu. Fatar jan akuya da majeman Kano da Sakkwato suka jeme ta ƙetare Sahara, ta shiga Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, aka ɗaure littattafai da ita ana kiranta fatar Maroko. Ke nan ba mutum ɗaya kaɗai aka shafe ba, ƙasar ma gaba ɗaya an shafe sunanta daga kan aikinta. Har gobe ɗan kasuwar Kurmi, kasuwar da ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yakan sari kaya daga ƙauyuka ya sayar wa baƙo, baƙon ya tafi da sunan Kurmi a bakinsa, ba da sunan matar da ta yi aikin ba. Ba laifin dillali ba ne ya nemi riba. Shi ma yana da kuɗin rumfa da na mota. Laifin yana ga tsarin da ya mayar da mai yi tamkar babu shi.

Masu zane ma haka abin yake. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, da Adabin Kasuwar Kano ya kankama, littattafai masu ɗimbin yawa sun fito da bangon da aka zana da hannu, kuma sau da yawa bangon ne yake fara jan mai saye kafin ya karanta ko layi ɗaya. Makaranta suna tuna marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, amma a tambayi ɗalibi wa ya zana bangon littafin da ya fi so, sai ya yi shiru. Daga baya hotunan 'yan fim da aikin kwamfuta suka ture masu zanen, yanzu kuma ga manhajojin da ke ƙirƙiro hoto cikin daƙiƙa kaɗan. Waɗanda suka rage suna rubuta allunan shaguna, suna yi wa manyan motoci da adaidaita sahu ado, 'yan mata kuma suna zanen lalle a gidajen biki. Babu ɗayansu da ke da albashi ko ubangida. Kowa da basirarsa yake ci, aiki ɗaya bayan ɗaya.

Wani zai ce ai sanya suna a kan aiki al'adar Turawa ce, Bahaushe ya fi son kawaici. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Marubutan da ke kwafar littattafai da hannu sun saba rufe aikinsu da ambaton sunansu da neman addu'ar mai karatu, kuma ta wannan hanya ce aka san irin su marigayi Sharu Bala Gabari na Kano, wanda aka yi ta buga Alƙur'anan da ya rubuta da hannunsa. An san Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, domin sarauta ta riƙe sunansa. Ladi Kwali, maginiyar tukwane daga ƙasar Gwari, hotonta ya hau takardar naira 20 a 2007, alhali akwai mata bila adadin da suka yi gini irin nata a ƙauyuka; abin da ya raba ta da su, bayan gwanintarta, shi ne ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda aka riƙa danganta kowace tukunya ga mai ita. Inda duk aka samu wata hukuma ko al'ada da ta riƙe suna, sunan ya tsira. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, ita ma ta tabbatar wa mai zane haƙƙin a ambace shi a kan aikinsa, amma doka ba ta zuwa kasuwar ƙauye da ƙafarta.

Akwai hujjar da ta fi wannan nauyi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Talaka ba ya sayen kaya don tausayi. Bokitin roba ya fi tulu sauƙin ɗauka, ba ya fashewa, kuma uwar gida da ta zaɓe shi ba ta ci amanar kowa ba. Haka kuma ba duk abin da aka yi da hannu ne mai kyau ba. Akwai tabarmar da ke warwarewa cikin wata guda. Ba a neman kowa ya koma zamanin da, kuma wasu sana'o'in za su ƙanƙance ko da an yi me. Amma akwai wuraren da aikin hannu bai da na biyu: randa tana sanyaya ruwa ba tare da lantarki ba, hular da aka ɗinka da allura tana shekaru ana wanke ta ana bugu, kuma babu injin da zai zana wa makarantar ƙauye abin da ke bakin ƙofarta. Mai albashi da ya yabi irin waɗannan kaya sannan ya murɗe farashinsu ba talauci ne ya sa shi ba, sabo ne kawai da ganin cewa lokacin tsohuwa ba shi da daraja. Araha dai ba ta ado. Dangane da zanen abu mai rai kuwa, malaman addini suna da bayanansu, kuma su ya kamata a tambaya. Abin lura kawai shi ne mafi yawan adon Hausawa, daga dagi zuwa aska takwas zuwa zayyanar allo, ba su ƙunshi surar mai rai ba, saboda haka fagen yana da faɗi.

To, ina malami ya shigo? Haɗa makaranta da sana'a ba sabon abu ba ne. Makarantar da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'in hannu, tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982 ya sake yin alkawarin haka. Abin da ya biyo baya a makarantu da yawa abin kunya ne: darasin aikin hannu ya koma yaro ya sayo tsintsiya a kasuwa ya kawo a ba shi maki, wani wurin ma kuɗin tsintsiyar ake karɓa. Yaron da aka kama yana zane a bayan littafinsa kuwa bulala yake sha. Da wuya a sami hanyar da ta fi wannan koya wa yara cewa aikin hannu abin saye ne da arha, ba abin iyawa ba.

Ɗalibin da aka tura koyarwar gwaji a wata firamare ta Bagwai ko Bichi zai tarar da bango babu komai, ko kuma da taswirar baƙaƙen Ingilishi mai hoton tuffa da jirgin ruwa. Malamin Hausa yana buƙatar taswirar da ke da ɓ da ɗ da ƙ, da hoton ɓera da ɗan tsako da ƙwarya, kuma ba a cika samun irinta a shagon littattafai ba. Mai rubuta allunan shaguna na garin zai iya zana ta a kan kwali ko a jikin bango cikin kwana biyu. A yi ciniki da shi kamar yadda ake yi da kafinta, a biya shi daga kuɗin kayan koyarwa ko gudummawar ƙungiyar iyaye da malamai, sannan a roƙe shi ya rubuta sunansa da garinsu da shekara a ƙasan aikin, inda yara za su riƙa gani kullum.

Akwai kuma ribar harshe, wadda ita ce ta fi shafar mai nazarin Hausa. Kowace sana'a rumbun kalmomi ce. Baduku ya san zabira da tandu da gafaka. Mai ɗinkin riga ya san tambari da gidan biyar da aska biyu. Mai ƙore ya san aikin gyartai. Mai zayyana ya san yadda ake haɗa tawada da ƙaro. Wasu daga cikin kalmomin suna cikin ƙamusun Bargery na 1934, wasu kuwa ba su taɓa shiga kowane ƙamus ba, suna bakin tsofaffi ne kawai, kuma tare za a binne su. Ɗalibai da dama sukan je wurin irin waɗannan mutane idan za su rubuta kundin kammala karatu, su kwashe musu wuni guda da tambayoyi, su ɗauki hoton kayansu, su tafi ko faifai ɗaya ba su saya ba, a kundin kuma a rubuta "wata dattijuwa". Idan ta yarda a ambace ta, sunanta ya cancanci shiga kundin kamar na kowane farfesa da aka ɗauko maganarsa.

Ko darasin lissafi yana da rabonsa. A 2024 gwamnatin tarayya ta tsayar da naira 70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi na wata, wato kimanin naira 2,300 a kowace rana idan aka raba da kwana 30. Malami zai iya tura 'yan aji shida su tambayi iyayensu mata sa'o'i nawa faifai ɗaya yake ci, nawa ake kashewa a kan kaba da rini, nawa kuma ake sayar da shi ranar kasuwa. Su dawo su cire kuɗin kaya daga kuɗin sayarwa a kan allo, su raba abin da ya rage da yawan sa'o'in, su ninka da sa'o'in aikin wuni guda, su rubuta amsar kusa da waccan naira 2,300.