Yaron da ke haki a Lahodu, wa zai fara duba shi?

Idan uwa a mazaɓar Lahodu da ke Wurno ta ce ɗanta yana haki, kalma ɗaya ta faɗa, amma cututtuka uku na iya fakewa a bayanta. Wataƙila ciwon huhu ne, wanda ƙurar hunturu da hayaƙin murhu ke share wa hanya. Wataƙila jininsa ne ya yi ƙasa saboda zazzaɓin cizon sauro ko amosanin jini, wato sikila. Ko kuwa zuciyarsa ce ta fara gazawa. Abin tsoron shi ne, abin da zai taimaki wani yaron yana iya zama ajalin wani. Shi ya sa nake ganin babbar buƙatar yaran ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo ita ce ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya da ke kwana a asibitin mazaɓarsu, da kayan aiki a hannunta. Wannan ya kamata ya zo gaban kowane sabon gini.

Mu ɗauki ƙarin ruwa. A ƙauyukanmu, iyaye da yawa ba sa jin an yi wa yaro magani sai sun ga leda a rataye, mai kemis kuma ba ya ƙin ciniki. To amma wani babban bincike da aka yi a Uganda da Kenya da Tanzaniya, aka fitar da sakamakonsa a 2011, ya nuna cewa ɗura ruwa da sauri ga yara masu zazzaɓi mai tsanani ya ƙara yawan mace-mace. Yaron da jininsa ya ƙare jini yake nema, wanda zuciyarsa ta gaji kuwa ruwan a huhunsa zai taru. Rarrabe waɗannan aikin ido ne da horo. Nas za ta buɗe ƙirjin yaro ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya: 50 ko fiye ga jaririn wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Za ta duba tafin hannunsa ko ya yi fari, ta taɓa saifa, ta ga ko ƙafa ta kumbura. Sai ta maƙala masa 'yar na'urar auna iskar jini a yatsa, idan iskar jininsa ta gaza kashi 90 cikin ɗari, ta san oksijin yake buƙata kafin a ɗora shi a mota zuwa Sakkwato. Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa ciwon huhu ya kashe yaran Najeriya 162,000 a 2018 kaɗai, alhali maganinsa na farko ƙwayar amoksisilin ce mai arha.

Za a ce sikila da ciwon zuciya aikin manyan likitoci ne, wurinsu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Gaskiya ne, can ake hoton zuciya, can ake tsara magani. Amma kwana nawa yaro ke yi a gaban likita a shekara? Sauran rayuwarsa a gida yake yinta. Mai sikila yana buƙatar maganin kariya daga zazzaɓi, da fenisilin, da shan ruwa sosai, da uwa da aka koya wa cewa zazzaɓi ko kumburin hannu ba abin jira har gari ya waye ba ne. Yaron da ciwon maƙogwaro ya lalata wa ƙofofin zuciya sai an riƙa yi masa allurar fenisilin duk mako 3 ko 4, shekara da shekaru. Manomin albasa ba zai iya biyan kuɗin mota zuwa birni kowane wata ba, kuma da zarar an tsallake allura ciwon na iya dawowa. Binciken da aka yi a asibitocin Kano ya tabbatar da cewa maganin haidiroksiyuriya yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila, amma amfaninsa sai da wanda zai riƙe rajista, ya bi sawun duk yaron da bai zo ba. Wasu kuma za su ce a tsaya kan gwajin jini kafin aure, kamar yadda Kano ta mayar da shi doka a 2024. Ina goyon bayan gwajin, sai dai ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a ƙasar nan duk shekara, kuma waɗanda suka riga suka zo duniya suna da haƙƙi a kanmu.

Hujja mafi nauyi ita ce ta tsaro. Wanda ya tuna harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ba zai zargi nas ɗin da ta ƙi kwana a ƙauye ba. Ga kuma ficewar ma'aikata: a 2024 hukumar da ke rajistar ma'aikatan jinya ta ce 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Amma hanyar da ke da haɗari ga nas ita ce dai uba zai bi da dare da yaro a kan babur, don haka rashin tsaro ƙarin dalili ne na kawo kulawa kusa. Baƙuwar da aka turo daga nesa ba ta daɗewa. 'Yar gari, wadda iyayenta da mijinta ke nan, ta fi zama, kuma mata sun fi sakin jiki da ita. Ƙananan hukumomin uku su zaɓi 'yan mata da samari daga kowace mazaɓa, su ɗauki nauyin karatunsu a kwalejin koyon jinya ta Sakkwato, da sharaɗin komawa gida aiki. A ba su masauki a cikin gari, da alawus da ke zuwa kan lokaci, da wutar sola mai tayar da injin oksijin, da lambar wayar likitan yara da zai amsa ko da tsakar dare. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta riga ta ware asusu domin asibitocin matakin farko, kuma kwamitin mazaɓar Lahodu na da ikon tambayar abin da aka saya da rabonsu.