WAIWAYE ADON TAFIYA: Zamanin da Basakkwace ya zama Magajin Garin Inugu

Jama'a masu karatu, a wannan mako za mu waiwayi shekarun 1950, mu leƙa unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu. Abin da ya sa na ɗauko zancen kuwa shi ne, yanzu ba a jin labarin waɗannan unguwanni sai in an yi tarzoma, har matasanmu sun ɗauka tun fil'azal haka zaman yake. To, ba haka ba ne.

Jirgin ƙasa shi ne ya raya Inugu da Fatakwal. An gano kwal a ƙasar Inugu a 1909, aka shimfiɗa dogo daga Fatakwal ya iso can a 1916, da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932 kuwa sai hanya ta miƙe ɗoɗar har Arewa. Shanu da albasa da wake da busasshen kifi su gangara, manja da gishiri da kayan kanti su hauro. Ita Anaca ba ta da dogo, Kwara ce hanyarta. Fatake Hausawa da Nufawa sun daɗe suna biyo ruwa daga Lakwaja, kuma kafin a gama gadar Anaca a 1965, mai son ƙetarawa daga Asaba sai ya jira jirgin fito. Titin Bida da Titin Sakkwato da ke daf da babbar kasuwar garin sun isa shaidar wannan tsohuwar hulɗa.

Labaran da suka dami mazauna unguwannin nan a kullum ba su wuce na fam nawa aka sayar da sa ba, da yaushe jirgi zai iso, da wane ne ya zo daga gida da wasiƙa. Wanda ya iya boko ya karanta wa jama'a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ko da ta kwana biyu a hanya. Maƙwabtansu Ibo kuma suna karanta jaridun Dokta Azikiwe, wato Eastern Nigeria Guardian ta Fatakwal da Nigerian Spokesman ta Anaca.

A cikin irin wannan zama ne Malam Umaru Altine, Bafulatani daga Lardin Sakkwato, ya zo Inugu da fataucin shanu. Ya shiga jam'iyyar NCNC, ya shugabanci matasanta na garin, ya kuma auri 'yar ƙabilar Ibo. Da aka ɗaga Inugu zuwa matsayin birni mai majalisar kansa a 1956, shi ne ya zama Magajin Gari na farko. Ku duba fa, wannan hedkwatar Jihar Gabas ce, inda Azikiwe yake Firimiya, amma aka damƙa ragamar garin ga mutumin da ya zo da sandar kiwo.

Ba wai a lokacin babu saɓani ba ne, ai zo mu zauna zo mu saɓa. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun watse unguwannin nan, mutanen Arewa suka tattara suka koma gida, kamar yadda Ibo suka baro Sabon Gari. Bayan yaƙi aka dawo aka sāke kafa zango, amma yawancin labaran da suka gabata sun tafi da masu su.

Ga inda gizo ke saƙar. Akwai yaran da aka haifa a can, aka haifi iyayensu a can, suna jin harshen Ibo kamar Hausa, amma kullum ana kiransu baƙi, su kuma ba su da abin da za su kafa hujja da shi. Saboda haka ina roƙon sarakunan Hausawa da limaman waɗannan garuruwa da su tara dattawan da suka rage, a rubuta abin da suka gani da wanda suka ji, a adana tsofaffin hotuna da rasit na haraji. Jami'o'inmu su ma su tura ɗalibansu tun kafin ƙasa ta rufe idon masu ba da labarin.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.