Maimaici ba ɓata lokaci ba ne

Ɗan'uwa mai karatu, hala ka taɓa gajiya da rubuta baƙi guda sau goma cikin kaye. Hala ma wani ya yi maka dariya, ya ce ka tsufa da zuwa lakwal. To, saurari labarin wani mai zane na ƙasar Faransa. Sunansa Kulod Mone, da Faransanci ana rubuta Claude Monet.

An haifi Mone a birnin Faris cikin 1840. Ya girma a Le Havre, wani gari na bakin teku. Ubansa ɗan kasuwa ne. Tun yana yaro yake zanen ban dariya na fuskokin mutanen gari, yana saidawa. Sai wani mai zane, Boudin, ya jawo shi waje, ya koya masa aiki a fili, yana duban sama da ruwa.

A wancan zamani, manyan masu zane cikin ɗaki suke gama aikinsu, su gyara shi sumul. Shi Mone haske yake bi. Cikin 1872 ya zana fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre. Da aka nuna zanen cikin 1874, wani ɗan jarida ya yi masa ba'a, yana ganin aiki ne da ba a ƙare ba. Daga wannan ba'a aka laƙaba wa Mone da abokansa suna "Amfireshonis". Sunan ya bi su, yau kuwa sunan girma ne.

Mi ya yi da dariyar mutane? Ya ci gaba da aikinsa. Cikin 1890 da 1891 ya zana tarin dammunan alkama kamar sau 25: da safe, da marece, da damina, da lokacin sanyi. Kai manomi ka san dalili. Gonar hatsi da hantsi ba kamarta ɗaya ba da gonar da la'asar. Bayan haka ya haƙa ɗan tabki a gidansa na Giverny, ya zana furen bado wajen sau 250.

Wani zai ce zane ba ya cika rumbu. Da gaskiyarsa, don Mone ya yi shekaru cikin bashi da talauci. Amma cikin 1890 da kuɗin zanensa ya sayi gidan da yake haya. Da ya tsufa, yana ta rufe masa ido. Aka yi masa aiki cikin 1923, ya koma kan zane har kusa da rasuwarsa cikin 1926, yana da shekara 86.

Ni a ganina, wanda ya maimaita abu da lura, kullum sai ya ga sabon abu cikinsa. Hannu ma da maimaici yake faɗawa. Saboda haka in malam ya ce a sake rubuta layin jiya, kada ka yi ƙorafi. Ɗauki alli ka sake, ka kwatanta na yau da na jiya.